FASHIN BAƘI: Abin da ke sa hutu ya zama gajiya ga iyaye ma'aikata masu koyar da 'ya'yansu a gida

A ƙarshen watan Fabrairun 2025, jihohin Bauchi da Katsina da Kano da Kebbi sun rufe makarantun firamare da sakandare na kimanin makonni biyar, domin azumin watan Ramadan da bikin ƙaramar Sallah. Muhawarar da ta biyo baya ta yi zafi. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, ta yi tir da matakin, har ta yi barazanar garzayawa kotu. Masu kare shi kuwa suka ce jadawalin karatu kawai aka daidaita domin hutun zango ya faɗo cikin azumi. An yi ta ja-in-ja a kan addini da tsarin mulki da yawan yaran da ba sa zuwa makaranta a Arewa.

Sai dai akwai tambayar da ba ta samu gurbi a cikin hayaniyar ba: da aka kulle azuzuwa, wa ya koma malami?

Ba a rufe asibitoci ba, ba a rufe bankuna ba, Kantin Kwari da kasuwar Wunti ba su tashi ba. Ma'aikaciyar jinya mai yara uku a firamare ta ci gaba da zuwa aikin dare, mai shago ya ci gaba da fita tun da farar safiya. Abin da ya sauya shi ne an ƙara musu aiki na uku a kan na ofis da na gida, wato riƙe karatun yara kada ya zube.

Watanni tara bayan haka tambayar ta dawo da ƙarfinta. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata 25 a sakandaren Maga da ke jihar Kebbi, ranar 21 ga wata kuma aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai tare da malamansu daga makarantar St. Mary's ta Papiri a jihar Neja. Gwamnatin tarayya ta rufe makarantunta na haɗaka fiye da 40, jihar Neja ta rufe dukkan makarantunta har zuwa sabuwar shekara, wasu jihohi suka bi sahu. Yara suka koma gida ana saura 'yan makonni Kirsimeti.

Wannan bayani ya duba irin gajiyar da ke kama iyaye a irin wannan yanayi, dalilin da ya sa ta fi tsanani a lokutan hutu da bukukuwa, abin da iyali za su iya yi, da kuma abin da ya rataya a wuyan hukumomi.

Wace irin gajiya ake nufi?

Gajiyar yau da kullum barci ke maganinta. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce wadda mutum zai kwana ya tashi da ita, ya huta ranar Lahadi ya wayi gari Litinin tana nan daram.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York, Herbert Freudenberger, shi ne ya shahara da bayyana ta a 1974, bayan ya lura da yadda 'yan sa-kai a wani asibitin kyauta ke fara aiki da himma su ƙare da ƙosawa. Ya kwatanta lamarin da abin da ya ci wuta har ya ƙare. A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fayyace wannan matsananciyar gajiya a kundinta na rarrabe cututtuka karo na 11. Ba ta kira ta cuta ba, ta ce yanayi ne da ke tasowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba, kuma alamominsa uku ne: ƙarewar kuzari, tsanar aikin ko nisantarsa a zuci, da raguwar ƙwazo.

Bayanin hukumar ya tsaya ga wurin aiki kaɗai. Daga cikin waɗanda suka nazarci batun a cikin gida akwai wasu malamai biyu na Jami'ar Louvain da ke ƙasar Beljiyam, Isabelle Roskam da Moïra Mikolajczak, waɗanda suka nuna cewa reno ma yana iya kai mutum ga wannan hali. Sun zayyana alamomi huɗu. Uwa ko uba zai ji ƙarfinsa ya ƙare tun kafin gari ya waye. Zai riƙa yi wa yara abin da ya zama dole, kamar wanka da abinci, amma babu sakin fuska babu hira. Zai ji matsayin uwa ko uba ya gundure shi. Sannan zai riƙa kwatanta kansa da yadda yake a da, yana jin kunyar abin da ya koma.

Bayaninsu a kan musabbabin abin mai sauƙi ne, kamar sikelin 'yan kasuwa. A gefe ɗaya akwai nauyi: yawan hidima, ƙarancin kuɗi, burin yin komai babu kuskure. A ɗaya gefen akwai taimako: abokin zama mai kamawa, dangi, lokacin hutawa. Idan nauyi ya rinjayi taimako na tsawon lokaci, gajiyar ta samu wurin zama. Binciken nasu ya kuma danganta ta da sakaci da yara da tsananta musu, abin da ke nufin ba uwa ko uba kaɗai ke ɗanɗana kuɗarta ba.

Wani bincikensu da aka wallafa a 2021, wanda ya ƙunshi iyaye fiye da 17,000 a ƙasashe 42, ya gano abin da ya kamata ya ja hankalin mai karatu a nan. Matsalar ta fi yawa a ƙasashen da al'adarsu ta zama kowa tasa ta fisshe shi, kuma wannan al'ada ta fi yawan 'ya'ya ko yawan sa'o'in da ake shafewa tare da su tasiri. Ke nan gidan yawa da aka sani a ƙasar Hausa, inda ɗa na kowa ne, kariya ce babba. Iyalin da suka tare a gidan haya mai ɗaki biyu a Abuja ko Kaduna ko sababbin unguwannin Kano, nesa da kaka da goggo, sun rasa wannan kariya ko da ba su ankara ba.

Zaɓi a can, tilas a nan

Koyar da yara a gida a matsayin madadin makaranta ya fi ƙarfi a Amurka, inda doka ta halatta shi a dukkan jihohi 50. Alƙaluman hukumar ƙidaya ta ƙasar sun nuna cewa gidaje masu yaran da suka isa shiga makaranta da ke koyarwa a gida sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 a farkon annobar korona zuwa kashi 11.1 a ƙarshen 2020. A gidajen baƙar fata kuwa, daga kashi 3.3 zuwa 16.1. Jamus ta haramta tsarin, Faransa kuma ta tsaurara shi da dokar 2021 da ta wajabta neman izini.

A Amurka ɗin, iyaye kan yi kuka daga bikin godiya na ƙarshen Nuwamba zuwa sabuwar shekara, lokacin da sayayya da baƙi da tafiye-tafiye ke haɗuwa da darussa da aikin ofis. A watan Agustan 2024 babban likitan gwamnatin ƙasar na wancan lokaci, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi na musamman a kan lafiyar ƙwaƙwalwar iyaye, inda ya kawo alƙaluman da ke nuna kashi 48 cikin 100 na iyaye na cewa a mafi yawan ranaku matsin ya fi ƙarfinsu, alhali kashi 26 ne na sauran manya suka faɗi haka.

A Nijeriya lamarin ya sha bamban. Masu koyarwa a gida sun kasu uku. Akwai 'yan tsiraru masu hali da suka zaɓi hakan, wasu domin haɗa haddar Alƙur'ani da boko yadda suke so, wasu domin yaronsu na da buƙata ta musamman da makaranta ta kasa biya. Akwai waɗanda kuɗin makaranta ya gagare su, suka janye yara na zango ɗaya ko biyu kafin hali ya samu. Sai kaso mafi girma, waɗanda rufe makarantu ya mayar malamai ba da shawararsu ba.

Jerin rufewar yana da tsawo. Annobar korona ta kulle makarantu daga Maris 2020, ba a buɗe su sosai ba sai wajen Oktoba. Sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, da na Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, ya sa jihohi da dama sun rufe makarantun kwana. A Satumbar 2021 Zamfara ta rufe makarantunta bayan sace ɗalibai a ƙaramar hukumar Maradun. A 2022 makarantun gwamnati a Kaduna suka koma karatun kwana huɗu a mako. A 2025 malaman firamare na yankin babban birnin tarayya suka shafe fiye da watanni uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye tabbatar da cewa yaro ya yi karatun shekaru tara na farko, ta kuma tanadi tsawatarwa da tara da ɗauri ga wanda ya ƙi. Amma ba ta tanadi abin da hukuma za ta yi wa iyaye ba idan ita ce da kanta ta rufe makarantar. Wanda ya zaɓi koyarwa a gida ya shirya mata, ya tanadi littattafai da lokaci. Wanda sanarwar rediyo ta mayar malami cikin dare ɗaya ba shi da ko ɗaya.

Me ya sa hutu ya fi tsanani?

Dalili na farko shi ne hutun yara ba hutun iyaye ba ne. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta tanadi hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki shida kacal ga ma'aikacin da ya cika watanni goma sha biyu yana aiki. Hutun Sallah ko na Kirsimeti da gwamnati ke bayarwa yawanci kwana biyu ne. Masu sana'ar hannu kuma lokacin biki ne kakarsu. Tela, mai kitso, mai ƙunshi, mai soya cincin, mai sayar da atamfa ta WhatsApp, duk a waɗannan makonni suke samun abin da zai riƙe su watanni. Ce musu su rage aiki daidai yake da ce musu su rage abinci.

Na biyu shi ne biki kansa aiki ne. A ɗauki misalin ma'aikaciya mai yara a cikin azumi. Ta tashi ƙarfe huɗu na dare domin sahur. Bayan asuba ta shirya abincin yaran da ba su fara azumi ba, ta fita aiki. Ta dawo da la'asar ta shiga kicin, kunu da ƙosai da abincin dare. Bayan tarawihi ne za ta zauna da yara a kan lissafi, lokacin da ita da su duk sun yi laushi. Ta kwanta sha ɗaya da rabi. Barcinta bai kai sa'o'i biyar ba, alhali likitocin barci na cewa baligi na buƙatar aƙalla bakwai. A ninka wannan sau talatin, sannan a ɗora zaryar wurin tela, da kitson yara, da tuwon Sallah, da baƙin da ba sa yankewa. A babbar Sallah kuma ga gyaran nama da suya na kwanaki. Iyalan Kirista a Jos da Kafanchan da Sabon Garin Kano na da irin nasu a watan Disamba: hidimar coci, sababbin kaya, girkin taro, da tafiya gida.

Na uku shi ne kuɗi. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Abubuwan da ke sauƙaƙa wa iyaye, kamar malamin darasi da ke zuwa gida ko makarantar hutu, su ne farkon abin da ake yankewa idan aljihu ya yi zafi. Karatu ta waya ma ya ƙara tsada, domin a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100.

Na huɗu, wanda ba a cika magana a kansa ba, shi ne toshewar tsohuwar hanyar sauke nauyi. Duk wanda ya girma a birnin Arewa ya san yadda ake yi: ana ba da hutu, sai a sa yara a mota zuwa wurin kaka ko kawu a ƙauye, iyaye su numfasa. Yau wanda danginsa ke yankin Birnin Gwari, ko kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, sai ya yi dogon nazari kafin ya tura ɗansa, ko da yana da kuɗin mota. A gidaje da yawa ma abin ya juye, dangin ƙauye ne suka gudo birni, gidan ma'aikaci ya zama masauki.

Na biyar shi ne gushewar iyaka. Falo ɗaya ne aji, shi ne ofis, shi ne wurin karɓar baƙi. Yaron da malami ya tsawatar wa a makaranta yakan dawo gida uwa ta lallashe shi. Idan uwar ce malamar, babu wurin gudu, a gare shi ko a gare ta.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, na 2018 ya nuna cewa mata ne ke yin kashi 76.2 cikin 100 na sa'o'in hidimar gida da reno da ba a biya a duniya, fiye da ninki uku na abin da maza ke yi. Ba sai an je da nisa ba kafin a ga hakan. Idan aka rufe makaranta, ba a cika zama a tattauna wanda zai koyar ba, kowa ya ɗauka uwa ce.

Wannan ba ya nufin maza ba sa shan tasu wahalar. Uban da ke neman kuɗin rago da na ɗinki da na zango mai zuwa a wata ɗaya shi ma yana kwana ido biyu, kuma al'ada ba ta ba shi bakin faɗa ba. Bambancin shi ne aikinsa ana ganinsa ana yaba masa, nata kuwa sai ranar da ba a yi ba ake lura da shi.

Idan uwa ta kai maƙura, nauyin ba ya ɓacewa, gangarawa yake yi. Yana sauka a kan 'yar fari, wadda za ta ajiye nata littafin ta goya ƙani. Ko kuma a kan 'yar aiki, yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye, wadda sau da yawa sa'ar yaran gidan ce amma ita ba ta zuwa makaranta ko a buɗe take. Rufe makaranta a birni kan ƙare da ƙarin aiki a kan yarinyar da ta fi kowa rauni a gidan.

Yaushe ya kamata a nemi likita?

Alamomin farko sukan zo a hankali: saurin fushi a kan ƙaramin abu, tsawa ko duka da ba a saba yi ba, mantuwa, ciwon kai, rashin barci duk da gajiya, da ƙin dawowa gida da wuri. Jin daɗi idan yara ba sa kusa, sannan a ji laifi a kan wannan jin daɗin, shi ma alama ce da aka sani.

Wannan gajiya ba daidai take da ciwon damuwa ba, ko da yake tana iya kaiwa gare shi. Mai gajiyar reno kan dawo hayyacinsa idan ya samu nisa da hidimar. Mai ciwon damuwa kuwa komai ya fita masa a rai. Idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka ɗauki makonni biyu ko fiye, lokacin ganin likita ya yi. Idan kuma tunanin cutar da kai ko cutar da yaro ya shigo, ba a jira ko kwana ɗaya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, kuma asibitocin koyarwa na da sassan da ke kula da wannan fanni. A Janairun 2023 aka sanya hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Zuwa wurin likita ba ya cin karo da addu'a, kuma ba alamar raunin imani ba ne.

Me iyali za su iya yi?

Tun da matsalar ta sikeli ce, maganin ko dai a rage nauyi ko a ƙara taimako.

A fara da rage buri. Gida ba zai zama makaranta ba. Sa'o'i shida na makaranta sun haɗa da taron safe da tara da sauyin malamai da tsawatar wa aji mai cike da yara. Uwa ɗaya da yaro ɗaya ko biyu ba sa buƙatar wannan tsawon lokaci. Ga ɗan firamare, abu biyu ne ya kamata a tsare: karatu da lissafi. Rabin sa'a na karanta littafi da murya, da rabin sa'a na lissafi, kwana huɗu a mako, ya fi jadawalin darussa tara da za a watsar a mako na biyu. Da a tauna taura biyu a kasa, gara a ɗauki ɗaya.

A sanya ranakun da babu karatu, a faɗa wa yara tun da wuri. Goman ƙarshe na azumi da makon Sallah, ko makon Kirsimeti, a bar su su zama hutu na gaskiya. Makarantu ma suna rufewa, babu dalilin da zai sa ta gida ta zama ba ta da ranar tashi.

A bar hidimar biki ta zama darasi. Yaro ya rubuta jerin cefane, ya tara kuɗin, ya lissafa canji. Ya auna mudu nawa na fulawa za a kwaɓa, ya raba nama kashi uku, ya ƙirga goron Sallarsa ya rubuta yadda zai kashe. Ya tambayi dattijon unguwa asalin hawan daushe ya dawo ya ba da labari. Wannan karatu ne, kuma bai ƙara wa uwa aiki ba.

A yi gayya. Gidaje huɗu a layi ɗaya na iya raba mako: yau yara duka a wannan gida, gobe a wancan, kowace uwa ta samu kwana uku ba darasi. Ko a yi karo-karo a ɗauki ɗan bautar ƙasa, ko ɗalibin kwalejin ilimi da ke hutu, ko malamin da ya yi ritaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, wato mata jagorori, ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa mata a garuruwansu. Hikimar tsarin ita ce ba a ɗora koyarwa a kan mutum ɗaya ba.

A raba aiki dalla-dalla tsakanin miji da mata. Cewa “zan taimaka” ba ta sauke komai, domin har yanzu ita ce za ta tuna, ta tsara, ta tunatar. Abin da ke sauke nauyi shi ne uba ya ɗauki aiki sukutum: lissafi nasa ne, ko zaryar tela tasa ce, ko yara nasa ne daga asuba zuwa azahar ranar Asabar.

A rage hidimar da babu wanda ya wajabta. Buɗa-baki ba sai da abinci kala biyar ba. Ɗinki ba sai kala uku ba. A yanke kasafin biki kafin wata ya kama, a tsaya a kansa. A sanar da dangi ranar da za a karɓi baƙi. Za a yi ƙorafi, amma ƙorafin ba ya wuce mako.

A kare barci kamar yadda ake kare albashi, ko da na rabin sa'a ne bayan azahar. A kuma yi wa shugaban wurin aiki magana tun kafin abu ya ɓaci, a nemi sauyin lokaci ko musayar aiki da abokin aiki. Ga masu waya da data, akwai dandalin Nigeria Learning Passport da gwamnatin tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a Maris 2022, mai ɗauke da darussa bisa manhajar ƙasa.

Sai dai waɗannan shawarwari na da iyaka. Matar da mijinta ya rasu, tana tuya a bakin titi, ba ta da shugaban da za ta roƙa ko mijin da za ta raba aiki da shi. Uwar da ba ta yi boko ba ba za ta koyar da abin da ba a koya mata ba. A irin waɗannan gidaje rufe makaranta na nufin karatu ya tsaya cak, kuma wasu yaran ba sa komawa.

Me ya rataya a wuyan hukumomi?

Wani lokaci rufe makaranta shi ne daidai, domin rai ya fi karatu. Amma sanarwar rufewa rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne a faɗi ranar buɗewa ko sharuɗɗan buɗewa, a kuma ce ga yadda karatu zai ci gaba. A lokacin korona jihohi irin su Kano da Kaduna sun watsa darussa ta rediyo da talabijin. Hanyar tana nan, kuma rediyo ya fi intanet isa ƙauye. Buga takardun aikin gida na mako-mako a raba ta hannun shugabannin makarantu ba abu ne da ya fi ƙarfin jiha ba.

Akwai kuma batun kuɗi. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta duniya a 2015, sannan a Disambar 2022 ta ƙaddamar da shirin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026 da aka ƙiyasta a kan naira biliyan 144.8. Haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne ya tambayi nawa aka saki, nawa ya isa jiharsa, kuma makarantu nawa aka katange da shi. Haka nan jihohi da dama sun sha barin kuɗinsu na tallafi a hukumar UBEC saboda sun kasa biyan nasu kason.

Dokar ƙwadago ma na buƙatar dubawa. An samu ci gaba a hutun haihuwa, kamar watanni shida da Kaduna ta ba ma'aikatanta mata, da kwanaki 14 da gwamnatin tarayya ta amince wa maza a 2021. Amma reno ba ya ƙarewa da yaye. Hutun shekara na kwana shida bai dace da ƙasar da makarantunta ke iya rufewa na watanni ba tare da gargaɗi ba.

Yayin da ake tunkarar zaɓen 2027, duk ɗan takarar gwamna zai yi alƙawarin gina azuzuwa. Tambayoyin da suka fi wannan amfani guda uku ne: kwana nawa yaran jihar suka yi a aji a shekarar karatun da ta wuce, wane shiri ke akwai a rubuce na ranar da za a sake rufewa, kuma an taɓa tuntuɓar ƙungiyoyin iyaye da malamai kafin a sauya jadawali? Matuƙar babu amsa, za a ci gaba da biyan kuɗin kowace rufewa a cikin gidaje, da barcin iyaye da karatun yara, ba tare da ya bayyana a kasafin kowace jiha ba.